Babi na 7: Gane Batirin Mota da Ya Gaji da Yadda Ake Canza Shi

Darasi na 1: Mota ta ƙi tashi

Kowa ya sa yatsa a kan layin da muke karantawa. Ba gaggawa muke yi ba.

Idan hunturu ya sauka a Zariya, a Disamba da Janairu, ka je Kwangila ko Ƙofar Doka da sassafe, ba za ka rasa direba da yaransa suna tura mota ba. Sai a ce sanyi ya kashe batir. Ba haka ba ne. Zafin Maris da Afrilu ne ya ci ƙarfinsa, ya ƙafar masa da ruwa. Sanyi asiri kawai ya tona.

Ka murɗa makulli, ka kasa kunne. Idan inji ya juya da ƙyar kamar mai ciwon baya, ko ka ji ƙas-ƙas-ƙas ba juyawa, batir ake fara zargi. Kunna fitilun gaba, ka sa wani ya tsaya yana kallo, ka sake murɗawa. In fitilu suka dushe sosai, wutar batir ta yi ƙasa, ko kuma kawunansa sun saki. In suna nan da haskensu amma inji shiru, ka bar batir ya huta, wataƙila kik ne, wato na'urar da ke juya inji ya tashi, wannan aikin mai gyaran wayar mota ne.

Kafin ka ce ya mutu, buɗe bonet. Girgiza wayoyin da ke kansa da hannu. Suna motsi? Akwai farin gari ko kore-kore a kansu? Na ga mutum ya sayi sabon batir alhali noti ɗaya ne ya kwance.

Darasi na 2: Alamomi biyu da lambobi

A saman batir akwai kai biyu na dalma. Kusa da kowanne akwai alama.

Wannan + ita ce alamar tarawa. Makanikai suna cewa fozitif.

Wannan − ita ce alamar ɗebewa. Makanikai suna cewa nagatif.

Ku rubuta kowace sau biyar a littafinku. Kan tarawa ya ɗan fi kauri, kuma yawanci wayarsa ja ce. Na ce yawanci. Motocinmu sun sha hannu, an canza waya an yi joni, saboda haka kada launi ya ruɗe ku. Alamar da ke jikin batir ita ce shaida. In datti ya rufe ta, a goge da tsumma.

Ƙarfin wutar batir da bolt ake auna shi. Ba bolt ɗin ɗaure taya ba, wannan ma'auni ne, kuma a jikin mita, wato na'urar auna wuta mai tsinke biyu, harafin V ne. Juya mita zuwa 20, wajen V mai miƙaƙƙen layi, ba mai lanƙwasa ba. Jan tsinke a kan +, baƙin tsinke a kan −.

Ɗigon da ke tsakanin lambobi yana ba mutane wahala, to mu karanta tare. 12.6 ana cewa sha biyu ɗigo shida. Ba ɗari da ashirin da shida ba. Batirin mota ɗaki shida gare shi, kowane ɗaki yana ba da kamar 2.1, shi ya sa cikakke yake nuna 12.6. A auna bayan mota ta huta na wasu awanni. In ka ga 12.2, caji ya kai rabi. In ya yi ƙasa da 12, ya kusa ƙarewa, a kai caji tukuna. Yanzu wani ya murɗa makulli kana kallon mita. Batirin da aka yi wa caji amma ya faɗo ƙasa da 9.6 a lokacin nan, ya gaji. In mota ta tashi, sake dubawa: ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4 ko kusa da haka. In lambar ta tsaya a sha biyu, altaneta, wato na'urar da ke yi wa batir caji in inji yana aiki, ba ta caji, kuma ko sabon batir ka sa, kwana kaɗan zai yi ya kwanta.

Darasi na 3: Cirewa

Nan ne wurin. Shekara da shekaru ina koyar da wannan babi, kuma nan kowa yake tuntuɓe, har waɗanda suka fi ni daɗewa da sitiyari. Ba abin kunya ba ne. Za mu maimaita har ya zauna.

Kashe mota, zare makulli, sa shi a aljihu. Cire zobe da agogo. Mai sigari ya kashe, domin batir yana fitar da iska mai kama wuta. Ɗauko sifana, yawanci lamba 10.

Ɗebewa ake fara cirewa.

Ku faɗa da baki. Ɗebewa ake fara cirewa.

Ga dalili. Wayar ɗebewa a ɗaure take da jikin mota, wato duk ƙarfen mota ɗebewa ne. In ka fara da tarawa, sifana tana kan +, gindinta ya taɓa ƙarfe ko'ina, ka haɗa kai biyu ke nan. Tartsatsi zai tashi, sifana ta yi zafi nan take, batir ma yana iya fashewa ya watsa maka asid a fuska. Amma in ka riga ka cire ɗebewa, ko sifana ta taɓa jikin mota ba abin da zai faru.

Ku tuna da takalmi a ƙofar masallaci. Shi kake fara cirewa, shi kake sakawa a ƙarshe. Ɗebewa takalmi ce. Wace ake fara cirewa? Ɗebewa. Wace alama ce? Mai layi ɗaya a kwance, −. Nuna ta da yatsa kafin ka ɗora sifana. In ka cire ta, lanƙwasa wayar gefe yadda ba za ta dawo ta taɓa kan batir ba. Sai tarawa. Sai ƙarfen da ya danne batir. Ɗaga shi a miƙe da hannu biyu, yana da nauyi, kada ka jingina shi da riga, asid yana cin tufa.

Bara wani bawan Allah a ajin nan, ya faɗi wannan da baki sau goma tare da mu, muka fita wajen mota, ya ɗora sifana a kan +. Da zobensa a hannu. Har yau tabon yana nan. Haba jama'a! Wasunku da jikoki. Ina magana ana duba waya, in an zo gwaji a ce Malam bai faɗa ba. Na faɗa, ga shi kuma a rubuce: ɗebewa ake fara cirewa.

Darasi na 4: Saka sabo

Tafi Sabon Gari da tsohon, ko ka kwafi lambar da ke jikinsa, irin 45Ah ko 62Ah ko 75Ah. Sayi daidai da shi, kuma ka duba + tana gefen da ta tsohon take, in ba haka ba waya ba za ta kai ba. A auna maka shi a gabanka, ka karɓi rasit.

Wanke bakin wayoyi da ruwan kanwa mai ɗumi, goge da samfefa, bari su bushe. Zaunar da batir, ɗaure ƙarfensa. Yanzu an juya: tarawa ta fara shiga, ɗebewa a ƙarshe. Takalmi. Ɗebewa a ƙarshe. Ɗaure noti har waya ta daina motsi, ban da bugu da dutse. Shafa ɗan giris a kai.

Darasi na 5: Ruwa

Batir mai marafai, a duba ruwansa duk wata. Ruwan batir tatacce kawai ake ƙarawa, ba na rijiya ba, ba fiya wata ba. Wanda ba marafai, a bar shi.

Darasi na 6: Tsohon batir

Kada a ajiye shi inda yara suke. A bar wa mai shago ya rage kuɗi.

Aikin gida: rubuta + da −, ka ja layi a ƙarƙashin wadda ake fara cirewa.