Yadda za ka koyar da dirama ba tare da rubutaccen labari ba, salon Viola Spolin

Da farko dai ka daina ce wa ɗalibanka "ku yi aktin da kyau", wannan maganar ita ke sa jikinsu ya sandare. Viola Spolin, 'yar Chicago ta Amurka da aka haifa a 1906, ta yi aiki da 'ya'yan baƙin da suka yi ƙaura zuwa birnin, wasunsu Turancin ma bai zauna a bakinsu ba balle a ce su haddace layi, sai ta koma ga abin da malamarta Neva Boyd ta koya mata, wato wasannin yara. Kowane wasa matsala ɗaya tak yake ba ɗalibi, hankalinsa na kanta ya manta ana kallonsa.

Raba ajin biyu, rabi na yi rabi na kallo. Fara da wasan madubi: mutum biyu su fuskanci juna, ɗaya ya ɗaga hannu a hankali, ɗayan ya zama inuwarsa, har yatsun da yadda girarsa ke motsi. Sai ka ce "canza!" ba tare da sun tsaya ba, ka yi ta canza musu har kai kanka ka rasa wa ke jan wa. Dariya za su yi a farko, ƙyale su.

Kuma kar ka tsayar da wasa don ka yi lakca. Kana gefe kana jefa gajerun kalmomi, "bi shi!", "duk jikinka!", su kuma ba sa juyowa su dube ka.

Daga nan ka ba su ƙwallon da babu shi su yi ta cillawa juna, ka ce ya yi nauyi, ka ga ko gwiwa za ta lanƙwashe.

Wanda ya fi wuya, ni ma har yanzu bakina na suɓucewa, shi ne kar ka ce "madalla" kar ka ce "ka kwafsa". A ganin Spolin neman yabon malami shi ke kashe ɗalibi. Masu kallo za ka tambaya, kun ga ƙwallon? Nauyinsa fa?

Da irin waɗannan wasannin ɗanta Paul Sills ya horar da 'yan Second City, gidan wasan barkwanci na Chicago da aka buɗe a 1959, ita kuma ta tattara su a littafinta Improvisation for the Theater a 1963. Kai dai ranar farko madubi da ƙwallo sun ishe ka.