Yadda na cire cingam daga gashin 'yata

Daren Asabar a gidanmu na Aboabo, Kumasi, ɗana mai shekara 3 ya manna wa yayarsa cingam a gashi tana barci. Da safe na tambaye shi dalili, wai ajiya ya ba ta. Dariya ta hana ni faɗa.

Na fara da ruwan ɗumi da sabulu, sai cingam ya yi laushi ya ƙara bazuwa. Ƙanƙara kuwa kuka kawai ta sa yarinyar. Har na ɗauko almakashi, Iya maƙwabciyarmu ta ce, "Ke 'yar nan, ajiye wannan, kawo man kaɗe."

Na murza cokali ɗaya a tafin hannu har ya narke. Na ware gashin da ya kama, na ɗaure sauran da zare. Na luluɓe cingam ɗin da mai, na bar shi minti 10 ya kashe danƙon. Sannan na sa mataji mai manyan haƙora, daga bakin gashi ina hawa sama sannu a hankali, ina goge matajin da tsumma. Sau biyu na ƙara mai. Da ya fita tas, na wanke da sabulun salo.

Alhamdu lillahi, Allah ya saka wa Iya da alheri. Mai ajiyar kuwa har yanzu yana neman kayansa.