Yadda na gyara intanet ɗin gidanmu a Tudun Wada

Tun da na ja kebul daga rautar falo, wato na'urar da ke raba mana intanet, zuwa ta biyu a sashen Yaya, intanet ta fara yankewa. Wayoyi su nuna sun haɗu, shafi ya ƙi buɗewa. Na ƙara data, na sayo sabon kebul a Sabon Gari, duk a banza.

Ashe rautocin biyu adireshinsu ɗaya, 192.168.1.1, kowacce kuma tana raba wa wayoyi adireshi. Na zare ta biyun, na haɗa ta da kwamfuta ita kaɗai, na shiga shafin saitinta na mayar da adireshinta 192.168.1.2, na sake shiga da sabon adireshin, na kashe DHCP, wato abin da ke sa ta raba wa wayoyi adireshi. Sannan na soka kebul ɗin a raminta da aka rubuta LAN, ba wanda aka rubuta WAN ba. Na kashe duka, na fara kunna ta falo.

Alhamdulillahi, kwana uku ke nan ba ta yanke ba.