Kurakuran da masu koyon netwok suke ta maimaitawa a kan lambobin fot na burawza

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya kullum. Yaro ya fara koyon netwok, ya buɗe Wireshark ko ya buga netstat, wato kayan duba haɗin da kwamfuta take yi, ya ga kwamfutarsa tana fita da lambobi irin su 51734, 62010, 49881, kowane haɗi da tasa lambar fot, wato lambar da take bambance haɗi da haɗi a na'ura ɗaya, babu wani tsari, sai hankalinsa ya tashi wai ƙofofi sun yi yawa a buɗe dole a rage su. Daga nan ɓarna take farawa. To bari in zayyano muku abubuwan da nake ta gani, wasu a taƙaice, wasu kuma sai na tsaya a kansu don sun taɓa cina.

Na farko, da yawanku kun ɗauka burawza ce take zaɓen lambar. Ba ita ba ce. In ka buɗe shafi, Chrome ko Firefox suna cewa ne kawai a haɗa su da saba kaza, wato kwamfutar da shafin yake kai, a fot 443, sai Windows ko Linux ko Android su ciro lamba ɗaya ta wucin gadi su maƙala a ɓangarenka domin amsa ta san inda za ta dawo. Windows tun daga Vista yana ɗiba ne daga 49152 zuwa 65535, wato lambobi 16,384, shi ne ma zangon da IANA, hukumar da ke kula da lambobin intanet, ta ware. Linux kuma nasa 32768 zuwa 60999 ne, 28,232 ke nan. A haɗin buɗe shafi na yau da kullum, abin da ya rage wa burawza shi ne ta roƙi a zaɓo mata a hargitse maimakon bi da bi. Saboda haka duk wanda ya ce maka ka sauke wani ƙarin manhaja a burawza wai zai hargitsa maka fot, ka bar shi da abinsa.

Me ya sa ma ake damuwa da hargitsawar? Windows ya daɗe yana raba lambobin TCP, wato irin haɗin da aka saba buɗe shafi da shi, a jere, wannan ya samu 50100 na bayansa 50101. To shafin da ka shiga yana ganin lambarka. In ya gan ka da 50100 yanzu, anjima ya gan ka da 50140, ya san ka buɗe haɗi wajen arba'in a tsakani ko da ba da shi ba, kuma in ka buɗe tagar sirri ta Incognito lambar daga ma'aji ɗaya take fitowa, wanda yake kallon tagar sirrin da ta yau da kullum zai iya gane mutum ɗaya ne. Shi ya sa a 2025 Chrome ya fara kunna wani zaɓi na Windows mai suna SO_RANDOMIZE_PORT, wanda yake sa a zaɓo lambar a hargitse. Kuma ba su kunna wa kowa ba, sai Windows na 2020 zuwa sama, don tsofaffin suna saurin sake ɗaukar lambar da aka gama amfani da ita yanzun nan sai saba ta ƙi karɓa. Ku riƙe wannan, shi ne gindin babban kuskuren da ke tafe.

Matse zangon fot da sunan tsaro. Wannan shi ne wanda yake ƙona min rai fiye da komai. Akwai wani ofis da nake kula musu da netwok, duk kwamfutocinsu ta furoksi ɗaya, wato saba mai shiga tsakani, suke fita intanet. Suka ɗauki wani matashi, yaro mai ƙoƙari gaskiya, ya karanta a wani wuri cewa rage buɗaɗɗun fot yana ƙara tsaro, sai ya bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya da netsh, umarnin saita netwok a Windows, ya mai da zangon lamba dubu ɗaya kacal, bai gaya wa kowa ba bai rubuta a ko'ina ba. Da safe komai lafiya, rana na yi ma'aikata sun buɗe shafuka da yawa sai abu ya fara tsinkewa, wannan hoto ya ƙi fitowa, wancan fom ya tsaya a rabi, ka sake lodawa ya yi ka ƙara ya ƙi. Aka ɗora wa kamfanin intanet laifi, aka canza rauta, aka ja sabuwar waya, ni kuma oga yana kirana dare da rana yana cewa Malam in ba za ka iya ba ka faɗa mana mu nemi wani. Saura kaɗan aikin ya kuɓuce min, kuɗin rautar ma daga aljihuna ya fita. Sai da na zauna na tona Event Viewer, kundin rahotannin Windows, na ga rahoto mai lamba 4227 da mai lamba 4231 sun cika wajen, na farkon yana nufin an sake ɗauko lambar da bai daɗe da amfani da ita ba zuwa wuri ɗaya, na biyun yana nufin lambobin sun ƙare gaba ɗaya.

Ga abin da yaron bai sani ba, kuma yawancinku ba ku sani ba. In haɗin TCP ya rufe, lambar ba ta komawa kasuwa nan take, tana zama a wani hali da ake kira TIME_WAIT, a Linux daƙiƙa 60 ne. A cikin wannan lokacin ba a so a sake haɗa lambar nan da saba ɗaya a fot ɗaya. Kuma zaɓe a hargitse yana maimaita kansa da wuri fiye da yadda hankali yake ɗauka, lissafin nan ne da ake cewa in mutum 23 suka taru a ɗaki, yiwuwar biyu su haɗa ranar haihuwa ta wuce rabi. A lambobi 16,384, zaɓe wajen 150 ya isa yiwuwar karo ta kai rabi. In ka matse zuwa dubu ɗaya, ko arba'in ba za a kai ba. Yanzu ka haɗa wannan da furoksi inda duk haɗin da kwamfuta take yi adireshi ɗaya fot ɗaya yake nufa. Ka kashe aiki, kuma sirrin da kake taƙama da shi ma ka rage shi, don mai son cankar lambarka yanzu dubu ɗaya kawai zai gwada. Haba jama'a! Waɗannan lambobin ba ƙofofi ne a buɗe suna jiran ɓarawo ba, babu abin da yake sauraro a kansu, amsar abin da kai ka nema ce kawai take shigowa ta nan.

Ni dai al'adata tun daga lokacin, duk kwamfutar da aka kawo min da ƙorafin shafuka suna tsinkewa, kafin in taɓa waya ko rauta sai na buga netsh int ipv4 show dynamicport tcp, in Linux ce in leƙa ip_local_port_range. In na ga ba yadda kamfani ya bar shi yake ba, sai na mayar sannan mu yi maganar saura. Wasu abokan aiki suna faɗaɗa zangon har ƙasa zuwa 1024 a kan manyan sabobi, suna da hujjarsu, ni ban cika so ba don yana cin karo da fot ɗin da wasu manhajoji suke sauraro a kai.

Ƙanen wannan kuskuren shi ne rubuta dokar fayawol, wato mai tace abin da ke shiga da fita a netwok, a kan lambar wucin gadin da kwamfuta take fita da ita. Ka tace da inda ake nufa, 443 da 80 da 53, ka bar fayawol mai tuna haɗi ta gane amsa da kanta. In kiran bidiyo na cikin burawza, wato WebRTC, ne ya dame ka a ofis, Chrome yana da doka ta musamman WebRtcUdpPortRange, ka yi amfani da ita ka bar zangon sistem yadda yake.

Ɗaya babban kuma na masu rubuta kod ne. Kana gwada manhajarka a kwamfutarka, kana son fot da ba kowa a kai, sai ka rubuta a zaɓo maka kowace lamba tsakanin 1024 da 65535. Yau ya yi gobe ya yi, wata rana Chrome ya watso maka ERR_UNSAFE_PORT ka rasa ta inda aka hau. Dalili, burawzoji suna da jerin fot da suka haramta: 6000, 6665 zuwa 6669 na tsarin hira na IRC, 2049, sannan 5060 da 5061 da aka ƙara bayan mai binciken tsaro Samy Kamkar ya fito da harin NAT Slipstreaming a 2020, da 10080 da ya biyo baya a 2021. Abin takaicin, maimakon mutum ya gyara kod ɗinsa sai ya je ya buɗe haramcin, a Chrome da --explicitly-allowed-ports, a Firefox da network.security.ports.banned.override, har ya koya wa kwastoma ya yi haka. Kai ɗan uwa, an toshe su ne don kada wani shafi ya yi amfani da burawzarka ya yi magana da sabar imel ko ya yaudari rautarka ta buɗe hanya zuwa cikin gida. Gyaran layi ɗaya ne, ka nemi fot 0, sistem zai ba ka lamba daga zangonsa wadda ba kowa a kai, sai ka tambaye shi wacce ya ba ka.

Sai masu ƙirƙirar nasu tsarin hargitsawa. Don Allah ku daina. Kundin ƙa'idar intanet RFC 6056 da ya fito a 2011 ya kawo hanyoyi biyar na hargitsa fot, kuma ko masu Linux da suka ɗauki ta huɗu a sigar 5.12 sai da masu bincike a Jami'ar Hebrew ta Kudus suka nuna a 2022 cewa ana iya gane na'ura da ita ko ta canza burawza ko ta canza netwok, aka toshe a 5.17.9. In waɗannan sun yi tuntuɓe, kai da rand() ɗinka fa? Ka yi afdet kawai.

Wasu kuma sun ɗauka tunda fot a hargitse yake to sun ɓace. Adireshin IP ɗinka yana nan, kukis suna nan, in ka shiga akawun ɗinka ai ka faɗi sunanka da bakinka. Kuma bai hana shafi ya leƙa fot ɗin da manhajojin cikin na'urarka suke sauraro a kai ba, irin wanda aka kama shafin eBay yana yi a 2020, da wanda aka bankaɗo a 2025 na Meta da Yandex a wayoyin Android. Wannan wata matsala ce daban, maganinta daban.

Kada kuma a manta da NAT, wato dabarar da na'urori da yawa suke raba adireshin IP ɗaya. Mu da yawancinmu da datar waya muke hawa intanet, mutane da yawa ne suke raba adireshi ɗaya a wajen kamfanin layi, kuma na'urarsu tana iya sauya lambar da wayarka ta zaɓa. An ga wannan tun 2008 lokacin da mai binciken tsaro Dan Kaminsky ya tona raunin DNS, tsarin da yake mai da sunan shafi adireshin IP, lambobin shaidar tambayarsa 65,536 ne kawai ana iya cankarsu, aka gyara da hargitsa fot, sai ga wasu rautoci suna mai da lambobin a jere suna warware gyaran. Saboda haka in za ka gwada ko hargitsawa tana aiki, ka duba daga ɓangaren saba, abin da ka gani a kwamfutarka ba lallai shi ne ya isa can ba. In kuma kai ne mai sabar, ka riƙa ajiye fot ɗin baƙo da lokaci daidai tare da IP, in ba haka ba ranar da ka toshe adireshi ɗaya saboda mutum ɗaya, jama'a da yawa ka rufe wa ƙofa ba su san hawa ba ba su san sauka ba.