Darasi na 7: Saukar da baƙuwar kwamfuta a cikin taka

To 'yan aji, yau kwamfuta za mu saka a cikin kwamfuta. Ba wani ƙarfe za ku sayo ba, manhaja ce kawai take yanko wani ɓangare na ram da had dis da ƙarfin furosesa ta miƙa wa baƙuwar, ita kuma baƙuwar sai ta zaci ita kaɗai ce a gidan. Ta ainihin da ke kan tebur ita ce mai masauki.

Amfaninta wajen gwaji ne. Ka rubuta manhaja tana tafiya lafiya lau a wajenka, ka kai wa mai shago ta ƙi buɗewa, sai ka fara rantsuwa wallahi a tawa tana yi. Eh mana za ta yi, tunda taka cike take da tarkacen da ka girka shekara da shekaru, tasa kuwa babu su. Baƙuwar kwamfuta sabuwa ce fil, duk abin da ka manta ba ka haɗa ba nan take za ta tona maka asiri.

Mu da VirtualBox za mu yi, na kamfanin Oracle, kyauta ne. Akwai VMware Workstation da Hyper-V mai zuwa da Windows Pro, amma a fara da wannan tukuna. Kafin komai sai an shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta na asali, lokacin da kwamfuta ke tashi, yawanci da F2 ko Del, a HP kuma F10, a kunna saitin da ke ba kwamfuta damar ɗaukar baƙuwa, sunansa VT-x in furosesar Intel ce, in ta AMD ce a nemi SVM. Nan yawancin mutane ke maƙalewa su ce manhajar ce ba ta da kyau alhali wannan ɗin ne a kashe.

Daga nan ka sauko da fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin girkawa, na Ubuntu (wani nau'in Linux) ko Windows, ka danna New, ka raɗa mata suna, ka nuna mata fayil ɗin. Wajen rabon ram a yi adalci dan Allah, in giga 8 gare ka kar ka ba baƙuwa fiye da 4, in ba haka ba mai masauki ce za ta fara rarrafe, kuma in ta tsaya duk sun tsaya. Windows 11 ita kaɗai tana neman giga 4 na ram da giga 64 na wurin ajiya, shi ya sa mai ƙaramar kwamfuta gara ya fara da Linux mara nauyi irin Lubuntu.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne sinafshot, wato ɗaukar hoton halin da baƙuwar ke ciki. Da ka gama girkawa, tun kafin ka saka mata komai, ka ɗauka. Sai ka girka manhajar taka, ka matsa mata, ka zuba mata bayanan banza, ka yanke mata intanet tana tsakiyar aiki ka ga yadda za ta yi, in komai ya dagule ka danna Restore ta koma yadda take cikin ɗan lokaci kaɗan. Amma fa sinafshot ba ajiyar ko ta kwana ba ce, a had dis ɗaya suke zaune, in ya mutu tare za su tafi.

Linzami in ya maƙale a cikin baƙuwar kar a tsorata, a danna Ctrl na hannun dama.

Aikin gida: kowa ya girka baƙuwa ɗaya, ya ɗauki sinafshot, ya goge wani fayil da gangan, ya dawo da shi, ranar Asabar a nuna min.