Matakan da mai sana'ar gargajiya zai bi wajen neman rancen gwamnati

Marini a Ƙofar Mata, da baduku a Kasuwar Kurmi, da mai ɗinkin babbar riga a birnin Zariya, duk sun san ranar da aiki ke zuwa ya tarar babu kuɗin sayen baba, ko fata, ko shadda da zare. Gwamnatin Tarayya ta sha fito da shirye-shiryen rance domin ƙananan sana'o'i, amma sau da yawa kuɗin yakan wuce ta kan masu sana'ar gado, saboda banki takarda yake karantawa, su kuwa shaidar ƙwarewarsu tana hannuwansu da bakin abokan cinikinsu. Ana iya cike wannan giɓi, muddin mutum ya fara shiri tun kafin a buɗe ƙofar nema.

Matakin farko shi ne sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Bankin Masana'antu, wanda aka kafa a 2001, shi ne ya fi riƙe irin waɗannan kuɗaɗe. Ta hannunsa aka raba rancen ƙananan 'yan kasuwa na TraderMoni da MarketMoni a zamanin Shugaba Buhari, kuma shi aka ɗora wa shirin da Shugaba Tinubu ya sanar a watan Yulin 2023, na naira biliyan 75 ga ƙananan sana'o'i, inda aka ce mutum zai iya samun naira 500,000 zuwa miliyan ɗaya a kan kuɗin ruwa kashi 9 cikin 100, ya biya cikin wata 36. Bankin Raya Ƙasa, wanda ya fara aiki a 2017, ba ya bai wa mutum rance kai tsaye, sai ta bankunan kasuwanci da ƙananan bankuna da ke hulɗa da shi. Hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i ta SMEDAN kuwa wurin rajista ce da horo da samun labari. Akwai kuma shirin rancen noma da ƙananan sana'o'i na AGSMEIS da ya yi suna ta ƙaramin bankin NIRSAL, sai dai a ƙarshen 2023 Babban Bankin Nijeriya ya dakatar da karɓar sababbin buƙatu a shirye-shiryensa na tallafi. Don haka kafin a kashe ko sisi wajen haɗa takardu, a je ofishin bankin ko hukumar da ya fi kusa a tambaya ko shirin yana karɓar mutane a halin yanzu.

Sai takardu. Ana buƙatar lambar ɗan ƙasa ta NIN, da lambar tantancewa ta banki wato BVN, da asusun banki mai aiki, kuma wajibi ne suna da ranar haihuwa su zo daidai a dukkansu. Wanda aka rubuta masa Muhammadu a wuri ɗaya, Mamman a wani, ya gyara tun yanzu, domin wannan ɗan saɓani kaɗai ya isa ya tsayar da buƙatarsa. Idan rancen yana da ɗan kauri, za a nemi rajistar sunan sana'a a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da lambar biyan haraji.

Abin da ya fi waɗannan duka nauyi, kuma aka fi sakaci da shi, shi ne shaidar ciniki. Maƙerin da ya gaji uwar maƙera daga kakansa yana iya yin cinikin dubban ɗaruruwa a farkon damina, amma idan kuɗin daga aljihu zuwa aljihu suke tafiya, a idon ma'aikacin banki kamar bai sayar da ko lauje ɗaya ba. A sayi littafi mai arha, a riƙa rubuta abin da aka sayo, da ladan yaran shago, da abin da aka sayar, da bashin da ake bin mutane. A kuma roƙi masu saye su riƙa turo kuɗi ta asusu, ko a riƙa zuba cinikin mako a banki, ta yadda bayan wata shida zuwa shekara takardar shige da ficen asusun za ta yi magana da kanta. Wanda karatun boko bai wadace shi ba yana iya rubutawa da ajami, ɗansa ko almajirinsa ya juya masa daga baya.

Daga nan sai lissafin abin da za a ranta, kuma a ganina nan ne ake tsira ko a faɗa rami. Kada a nemi iyakar abin da shirin ya yarda a bayar don kawai ana bayarwa. A rubuta abin da ake so a saya da farashinsa, ko keken ɗinkin fata ne, ko injin hura wuta a madadin zuga-zugi, ko zaren da zai kai wata uku, sannan a kawo takardar farashi daga mai sayarwa. Wanda ya ranci naira 500,000 a kan kashi 9 cikin 100 na wata 36, zai riƙa biyan kusan naira 16,000 kowane wata. Tambayar da zai yi wa kansa ita ce ko zai iya fitar da wannan kuɗi a watan da kasuwa ta fi mutuwa, domin sana'ar hannu tana da lokutanta. Mai ɗinkin hula da mai aikin babbar riga suna samun kuɗi gab da ƙaramar salla da babbar salla, maƙeri kasuwarsa tana tashi idan manoma sun fara neman fartanya da garma, mai ginin tukwane kuwa damina tana hana kayansa bushewa. Banki bai san wannan ba sai an gaya masa, saboda haka a nemi a ba da 'yan watanni na sarari kafin a fara biya, a kuma yi ƙoƙari kuɗin su shigo hannu kafin lokacin ciniki, domin rancen da ya iso bayan salla yakan ƙare a cefane.

Maganar jingina tana tsorata mutane da yawa, alhali tun 2017 akwai dokar da ta ba da damar a jinginar da kayan da ake iya ɗauka, kamar injina da kayan aiki, a yi musu rajista a ma'ajiyar jingina ta ƙasa, ba lallai sai takardar gida ko gona ba. Hanya ta biyu ita ce ƙungiya. Masu sana'a ɗaya su haɗu su yi rajistar ƙungiyar gama kai a ma'aikatar jiha, su riƙa adashi a asusun ƙungiya, su tsaya wa juna. Tsarin sarkin maƙera da sarkin marina da muka gada ya riga ya share fagen wannan. Sai dai a zaɓi abokan tafiya da idon basira, domin idan ɗaya ya ƙi biya, sauran ne za su ɗauki nauyinsa.

Wanda kuɗin ruwa ya hana shi kusantar banki yana da mafita. Bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ a 2019, da Lotus a 2021, suna aiki da tsarin murabaha, inda banki zai sayi injin ko kayan aikin ya sayar wa mai sana'a da ribar da aka amince da ita tun farko. Wannan tsari ya dace da mai sana'ar hannu ƙwarai, tunda kayan aiki ne ke shigowa shago, babu tsabar kuɗin da 'yan'uwa za su ji labari su zo neman taimako.

Duk wanda ya ce a ba shi wani abu zai saka suna a jerin masu samun rance, ko ya nemi lambar sirrin da banki ya turo ta waya, ɗan damfara ne. A kuma cire wa rai tunanin cewa rancen gwamnati rabon arzikin ƙasa ne da ba a biya. Tun 2020 bankuna suna da izinin cire bashin da aka ƙi biya daga kowane asusu mai ɗauke da BVN ɗin mai bashin, kuma sunansa zai shiga kundin masu taurin bashi. Idan ciniki ya tsaya ko rashin lafiya ta gitta, a ɗauki littafin ciniki a je wurin jami'in da ke kula da rancen kafin ranar biya ta wuce, a nemi a sake tsara wa'adin a rubuce.