Darasi na 9: Wa Ya Gaji Wa a Sarautar Bani Isra'ila?

Malami zai fara karantawa, sannan kowa ya ɗauki sakin layi guda ya karanta da ƙarfi. Kada wanda ya ji kunya in ya yi tuntuɓe da wani suna, yawancinsu baƙi ne a bakinmu. Labarin yana cikin Littafi Mai Tsarki, a littattafan Sama'ila da Sarakuna.

Sarakuna uku na farko

Da can Bani Isra'ila ba su da sarki. Kabila 12 ne, in yaƙi ya taso wani jarumi ya ja gaba, in ƙura ta lafa kowa ya koma gonarsa. Da Filistiyawa suka addabe su, sai dattawa suka je wurin Annabi Sama'ila, suka ce a yi musu sarki kamar sauran al'ummu. Wannan Sama'ila dabam ne da Isma'ila ɗan Ibrahim, kada ku haɗa su. Shi ya naɗa Saul, dogon mutum daga kabilar Biliyaminu, wanda Musulmi suka sani da suna Ɗalutu. A can ba rawani ake naɗa wa sabon sarki ba, mai ake zuba masa a ka.

Saul ya mutu a fagen fama a kan Dutsen Gilbowa, amma sarauta ba ta zauna a gidansa ba. Ta koma hannun Dauda, makiyayi daga Baitalami, wanda ya kashe Jaluta da majajjawa. Ya yi shekara 7 yana mulki a Hebron, ya yi 33 a Urushalima, wato birnin Ƙudus.

Gidan Dauda ma bai rabu da rikicin 'yan sarki ba. Absalom ya yi wa mahaifinsa tawaye, aka kashe shi. Da Dauda ya tsufa, Adonija ya yanka shanu, ya tara manya, ya ce shi ne sarki. Yana cikin walima aka ɗora ƙanensa Sulemanu a kan alfadarin Dauda, aka kai shi maɓuɓɓugar Gihon, aka zuba masa mai, aka busa ƙaho. Da baƙin Adonija suka ji labari, kowa ya kama gabansa. Sulemanu ya yi shekara 40 yana mulki, shi ya gina Haikali, wato babban ɗakin ibada na Urushalima.

Ranar da ƙasa ta rabu

Gine-ginen Sulemanu talakawa ne suka ɗauki nauyinsu, ga haraji, ga aikin tilas. Da ya rasu, mutanen arewa suka sami ɗansa Rehobowam a Shekem, suka ce ya sassauta musu, su kuwa su yi masa biyayya. Ya ce su dawo bayan kwana uku. Dattawan fada suka ce ya lallashe su. Sa'o'insa da suka taso tare suka ce ya nuna musu ƙarfi. Ya bi ta samari, ya ce mahaifinsa da bulala ya hore su, shi kuwa da kunamu zai hore su. Bai ma gane ɓarnar da ya yi ba, sai ya aika musu da shugaban aikin tilas ɗin, suka jefe shi har lahira. Kabila 10 suka ɓalle suka naɗa Yerobowam. Daga nan aka sami ƙasa biyu: Isra'ila a arewa, Yahuda a kudu. Wajen shekara ta 930 K.H. (Kafin Haihuwar Almasihu) ke nan.

A arewa, mai ƙarfi ke hawa. Zimri, shugaban rabin karusan yaƙi, ya kashe Sarki Ela yana cikin maye, ya haye gado. Kwana 7 kacal ya yi. Da Omri ya zo da rundunarsa, sai Zimri ya shige fada ya cinna mata wuta, ya ƙone a ciki. Omri ya gina birnin Samariya, ɗansa Ahab ya gaje shi, daga baya Yehu ya shafe zuriyar gidan kaf. Haka aka yi ta yi har Assuriyawa suka ci Samariya a 722 K.H.

A kudu kuwa jinin Dauda ne ke hawa, sau ɗaya kawai zaren ya kusa tsinkewa. Ataliya, uwar sarki, da ta ga ɗanta ya mutu, sai ta sa aka karkashe 'yan gidan sarauta ta hau da kanta. Gwaggon wani jariri mai suna Yowash ta sace shi, aka ɓoye shi a Haikali shekara 6. Yana da shekara 7 aka fito da shi aka naɗa, aka kashe Ataliya, kakarsa. Sarkin Yahuda na ƙarshe shi ne Zadakiya. A 586 K.H. Nebukadnezzar na Babila ya rushe Urushalima, aka yanka 'ya'yan Zadakiya a gabansa, sannan aka ƙwaƙule masa idanu.

A 1993 masu haƙar kayan tarihi sun tono wani dutse a Tel Dan da ke arewacin Isra'ila, an sassaƙa kalmomin "Gidan Dauda" a jikinsa. Wani sarki abokin gaba ne ya sa aka rubuta, yana alfaharin nasara.

Yadda ake karanta K.H.

K.H. na nufin Kafin Haihuwar Almasihu, wato Annabi Isa. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin lissafin baya-baya yake tafiya. Shekara ta 930 ta riga 722 zuwa, 722 kuma ta riga 586. In kuna son sanin shekarun da Isra'ila ta arewa ta yi, ku cire ƙaramar lamba daga babba: 930 a cire 722, saura 208.

Aiki

1. Da wannan hanya, ku lissafa shekarun da Yahuda ta yi bayan rabuwa.
2. Ku haɗa shekarun Dauda na Hebron da na Urushalima.
3. Ku rubuta waɗannan sunaye bisa yadda suka hau: Sulemanu, Saul, Rehobowam, Dauda.
4. Mece ce Ataliya a wurin Yowash? Ku amsa da cikakkiyar jimla.
5. Ku kwafi waɗannan kalmomi sau uku-uku, ku kula da lanƙwasar ƙ da ɓ da ɗ: ƙaho, ɓalle, naɗa, maɓuɓɓuga.